'Yar Kifin Nan Mai Karkatacciyar Wutsiya

Kiyawa,
ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya ke da jikata Amarya, ina roƙon Allah ya kai ku Dutse gobe lami lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na ƙarfe, ya sa ki tarar da ɗakinki da mijinki Malam Nura cikin alheri.

Za ki yi mamakin ganin takarda, alhali katanga ɗaya ce tsakanin zaurena da ɗakin da kika yi wankan jego. To, kin san ke 'yar fari ce, ga shi sunan mahaifiyata gare ki. Tun kina goye ban taɓa iya zama na yi doguwar magana da ke ba. In na buɗe baki, sai in ji na ce, "An tashi lafiya?" in wuce. Allah ya saka wa malamin da ya koya mana boko bayan la'asar, muna da furfura muna zaune a bencin 'yan firamare, gwiwa na neman taɓa haɓa. Yau ga ranar karatun nan. In kin ga baƙi ya hau kan baƙi ki yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da fartanya.

Uwani, ba ni da bakin gode wa Allah. Jiya da aka miƙo mini Amarya ta damƙe gemuna ta ƙi saki, na ce mata, "Yarinya, ko sadaki ban biya ba kin fara mulki?" Innarki ta ce na haukace. Wataƙila haka ne. A masallaci ma liman sai da ya ce in bar mutane su yi alwala, kowa ya riga ya ji labarin jikar nan.

Amma ba murna kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. Kin roƙi Innarki ta roƙe ni in bar miki akwatin gilashin kifin nan ki tafi da shi. Na bar miki. Sai dai na san ba sha'awar kifi ce ta sa kika roƙa ba. Tsoro ne. Ina ganinki ta labule: Amarya na kuka, ke kuma sai kin fara zuwa gaban gilashi kin nemo 'yar kifin nan kin tabbatar tana motsi, sannan ki koma ki ba ta nono. Kin ɗaura ran 'yarki a jikin abin da bai kai ƙwayar wake ba. Idan kika tafi da wannan tsoron, ranar da wata 'yar kifi ta juya ciki sama ban san abin da zai same ki ba, kuma ba na nan. Don haka zan koya miki yadda ake ciyar da su, ta hanyar ɓarnar da ni na yi, sannan in gaya miki wani abu a ƙarshe. Ki karanta har ƙasa.

Kina makarantar kwana lokacin da suka shigo gidan nan, ba ki san farkonsu ba. Na wani malamin sakandare ne ɗan kudu, daga ƙasar ruwa, da nake gyara wa famfo. Da aka yi masa canjin wurin aiki ya ce ba zai iya tafiya da gilashi ba. Ya ce, "Baba, waɗannan 'yan uwan karfasa ne, amma wadanni. Ko sun tsufa ba sa wuce ɗan yatsa. A ƙoramun garinmu suke. Mai jan cikin nan ita ce macen. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka so su da yawa." Na yi dariya, na ɗauka Hausa ce ta gagare shi.

Ashe Hausarsa daidai take. Ni an raine ni a gidan da ba a barin baƙo ya ga gindin kwano. Duk lokacin da na wuce suka taso gaban gilashi, sai in ji kunya in barbaɗa musu. Da safe, da rana, bayan kowace salla. Ba a yi mako ba ruwan ya koma kamar an wanke ƙwaryar nono a ciki. Wata rana da azahar na shigo zaure, gari ya yi tsit saboda zafi, ko kaza ba ta motsi. Na tarar da su gaba ɗaya sun taso saman ruwa sun jeru, suna buɗe baki suna rufewa, idonsu a kaina. Wallahi kamar masu kai ƙara, sai dai babu murya. Kafin magariba fiye da rabinsu sun mutu, kuma ba yunwa ce ta kashe su ba, abincina ne da ya ruɓe a ƙasa.

Saboda haka, ki ba su abin da yatsu biyu suka ɗan tsinka, safe da yamma. Ki tsaya ki gani. In kin gama ɗaura ɗankwali ba su cinye ba, ya yi yawa, ki zuƙe ragowar da siririn tiyon nan da na sa miki a leda. Cikin kowannensu bai fi idonsa girma ba. Rana ɗaya a mako kada ki ba su komai, ni Juma'a na zaɓa don kada in manta. Za su taso su dube ki kamar marayu. Ƙarya suke yi. Kuma da zafi ki rage, don ruwa mai ɗumi ya fi saurin lalacewa.

Da na ga haka sai na koma ɗaya gefen. Na je kasuwar Jahun na sayo abincin tarwaɗa, irin mai yawo a saman ruwa, na ce wannan ai ba zai nutse ya ruɓe ba. Na yi ta ba su, ina yabon dabarata. Su kuwa ƙasa suke kiwo, yashi suke tona da baki kamar kaji a bola. Abinci na yawo a kansu, suna ƙasa suna ramewa. Macen nan jan cikinta ya koɗe ya koma toka. Ta daina fitowa, sai dai ka hango idanu biyu a cikin duhun 'yar tukunyar ƙasar da na kifa musu. Innarki ce ta gane. Ta ce, "Malam, kai da kake rataye wa akuya harawa, ka taɓa rataye wa kaza tsaba?"

To, ki jiƙa abincin a murfin kwalba ya yi laushi, ki murtsuke shi, ki sake shi kusa da bakin tukunya ya nutse. Akwai garin busasshen jatan lande da na daka miki, babu gishiri babu yaji, ki riƙa haɗawa kaɗan. Wani lokacin ki dafa ganyen zogale ɗaya ya yi lugub ki jefa, in ya kwana ki cire. Abin da suka fi so shi ne 'ya'yan sauron nan masu wutsil-wutsil a ruwan da ya kwana biyu a kasko. Ki tace da tsumma mai tsabta, ki ɗauraye, ki ba su. Amma kada ki kuskura ki ɗebo daga kwata, kuma kada ki ajiye ruwa don kiwon sauro a gidan da Amarya take. In kin samu, to. In ba ki samu ba, ba za su mutu ba. 'Yan ƙananan kuwa, gwaiduwar dafaffen ƙwai za ki taɓa da tsinken ashana, ki kaɗa a ruwa daidai inda suke. Kan tsinken kawai. In kin ƙara, ki tuna da ƙwaryar nono.

Sai ɓarna ta uku, wadda har yau ba na son tunawa. Da suka murmure, macen ta shige tukunya ta daina fitowa, namijin yana gadi a ƙofa. Na ƙagu in san abin da ke ciki. Kullum ina manne da gilashi, ina haska tocila, ina ƙwanƙwasawa da farce. Rannan na kasa haƙuri, na sa hannu na ɗaga tukunyar. Ga ƙwai nan jere a rufin, kamar an liƙa gero. Na mayar da sauri. Uwani, ina tsaye ta fito, ta tsaya daidai fuskata, ba ta kaɗa ko fiffike ba. Ta daɗe a haka. Sannan ta koma ciki ta fara cinye su ɗaya bayan ɗaya, tana fitowa tana dubana tana komawa. Ban iya cin tuwo ba ran nan.

Daga baya na gane ba mugunta ba ce. Firgita ce. Uwar da aka hana sakewa ita ke rasa abin da za ta yi da 'ya'yanta. Don haka in kin ga ta shige tukunya, ki sa abinci ki ja da baya. In kin ga ta ɗauki ɗa a baki kada ki yi ihu kamar yadda kika yi rannan, ba cinyewa take yi ba, mayar da shi take cikin 'yan uwansa. Yawan leƙe ma yana kisa. Wannan maganar ba a kan kifi kaɗai nake yin ta ba, kin gane.

Yanzu bari in zo kan abin da ya faru a jegon nan.

Kin tuna safiyar da aka dawo da ke daga asibiti. Amarya 'yar mitsitsiya, ba ta iya kama nono sosai, in ta ja sau biyu sai ta saki ta yi barci. A safiyar nan ce macen kifin ta fito da 'ya'yanta daga tukunya karon farko, suna biye da ita kamar hayaƙi. Yayata, Gwaggonki Lami, da ta zo yi miki wanka, ta tsaya ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Masu jego biyu a gida ɗaya. Waɗannan tare aka aiko su." Wasa take yi, kin san bakinta. Amma na ga yadda maganar ta shige ki. Bayan suna kika gano wata a cikinsu mai karkatacciyar wutsiya, wadda ba ta iya kai wa abinci sai 'yan uwanta sun gama. Kika ce wa Innarki, "Ga tawa nan." Tun daga ranar, in ta ci kin sake, in ba ta ci ba ke ma ba kya cin abinci.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ni ban ji komai ba. Akwai abin da na gani wanda ban gaya wa kowa a gidan nan ba. Wata la'asar ina zaune ni kaɗai a zaure, mata duk suna bayan gida wajen tukunyar wanka, Amarya na barci a ɗaki. Kifin suna ta kiwonsu a yashi. Sai kawai suka tsaya. Uwar, uban, da 'ya'yan gaba ɗaya suka juya suka fuskanci katangar ɗakinki, suka tsaya cak a tsakiyar ruwa kamar an zana su. Babu wanda ya taka ƙasa, babu ƙofar da ta motsa. Na buɗe baki zan yi a'uziyya ke nan sai Amarya ta tsala kuka. Na ce a raina dace ne. Washegari na zauna na sa ido, suka sake yi. Suna juyawa, sannan kukan ya biyo.

Na je na sami liman bayan azahar na gaya masa. Ya saurara har na gama, ya ce, "Malam Sule, da kai da kifin wa ya fi kunne?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To ni ma ban sani ba. Wataƙila suna jin juyin yarinyar a gado ta cikin ƙasa, wataƙila wani abu ne da Allah bai sanar da mu ba. Amma ka taɓa jin inda aka ce Mala'ikan mutuwa yana tambayar kifi izini?" Na yi dariya, amma da na dawo sai da na zagaye zauren na shiga ta ƙofar baya.

Ana nan, sai ranar kunun kanwa. Da hantsi ne, kina wanka. Gwaggo ta fito da ƙwaryar kununki tana juyawa da ludayi, ta tsaya gaban gilashi ta ce, "Oh, 'yar uwa, ke ba mai dama miki? Haka za ki yi jego ba kanwa, nono ya zo ta ina?"

Na ce, "Yaya, kifi ba ya shayarwa."

Ta ce, "Kai Sule, rufe mini baki. Haihuwa nawa ka karɓa? Ni na yi wa uwar 'yar nan wanka, na yi wa matan unguwar nan kaf. Mai jego mai jego ce."

Ta ɗaga murfi ta tsiyaya rabin ludayi. Ina zaune ina kallo. Na san kanwa, na san abin da take yi wa wake a tukunya, balle fatar abin da bai kai tsaba ba. Amma yayata ce, ita ta goya ni, kuma ta baro gidanta ta zo tana tashi da asuba tana hura wuta saboda 'yata. Sai na yi murmushi na ce, "An gode, Yaya." Tana juya baya na tashi na fara kwashe ruwa ina zuba wanda ya kwana a randa. Manyan sun tsira. Ƙananan kuwa da yawa sun zube a kan yashi kamar an watsa shinkafa.

Ga shawarata a nan, kuma ita ce mafi wuya. A Dutse za a zo miki barka, dangin miji da maƙwabta, kowa da alherinsa a hannu. Wani zai jefa musu gutsuren burodi, wata za ta ce a ɗiga musu fura. Ki ɓoye gwangwanin abincin a cikin kwaba, ki ɗora wani abu mai nauyi a kan murfin. Haka kuma za a ce miki yarinyar nan ƙarama ce, nono bai ishe ta ba, a ba ta ruwa, a ɗura mata jiƙo, a lasa mata kaza da kaza. Masu faɗa ba maƙiyanki ba ne, masoya ne, irin Gwaggo. Ki durƙusa ki gaishe su, ki ce an gode, sannan ki ce ma'aikaciyar asibiti ta ce nono zalla tukuna. In sun matsa ki ce babanki ne ya hana, su zo Kiyawa su same ni. Ni na kasa cewa a'a ga yayata a kan kifi. Ke kada ki kasa a kan mutum.

To, ga abin da na ce zan gaya miki.

Da kika fito daga wanka ran nan, ruwan ya riga ya washe, ba ki san an yi komai ba. Kika zo kika duƙa kina nema, kina nema, ni ina tsaye a bayanki. Can sai kika miƙe, kika manta da kunyar da ke tsakaninmu, kika ce, "Baba! Baba, zo ka gani, wutsiyarta ta miƙe!" Kika nuna mini wata 'yar ƙarama a gefen tukunya. Rabon da in ga haƙoranki tun kafin ki haihu. Na ce, "Alhamdu lillahi."

Uwani, wutsiyar kifi ba ta miƙewa. Mai karkatacciyar wutsiyar tana cikin waɗanda kanwa ta kashe. Ni na tsamo ta da cokali, na gane ta sarai, na haƙa rami da ɗan yatsa a gindin zogalen bayan zaure na rufe ta, tun kina bayan gida. Wadda kike bi da ido tun daga ranar wata ce daban, ba ta san ki ba, ba ta san Amarya ba.

Yanzu ki tuna abin da ya faru a wannan yinin. Ke da kanki kika aiko Innarki ta gaya mini cewa Amarya ta kama nono ta ƙi saki, ta sha har ya zubo ta gefen baki. Kifin da kika ce ita ce ranta tana ƙarƙashin ƙasa, ita kuwa tana ta tsotso. Tun daga nan kullum ƙara nauyi take, jiya da ƙyar na ɗaga ta da hannu ɗaya. Ba wutsiya ce ta miƙe ba. Hankalinki ne ya kwanta, kika zauna kika ba ta lokaci, Allah kuma ya yi nasa ikon.

Na so in bar ki a haka, don na ga yana yi miki amfani. Amma wadda kike kallo yanzu ita ma za ta mutu wata rana. Irin kifin nan ba sa daɗewa, 'yan shekaru ne, ƙananan kuma ba duka ke girma ba ko an yi musu komai daidai. Gara ki ji daga hannuna yau da ki tsinci gawarta ke kaɗai a Dutse ki ɗauka saƙo ne.

Juyawar da suke yi kafin ta yi kuka kuwa, ba su daina ba. Ko ɗazu da safe, kafin in juye su a bokiti, sun yi. Ban san mene ne ba, kuma na daina neman sani. In kin ga sun yi a can, kada ki tsaya kallonsu. Ki ɗauka sun ce miki tashi, ki tashi ki je wurin 'yarki.

Gobe kada a ba su komai kafin tafiya. Na ce wa mai adaidaita sahun ya bi a hankali wajen ramukan nan na fita gari. Kifin suna cikin bokiti da ruwansu, kada a zubar da shi, da shi za a fara cika gilashin. Ruwan famfo sai ya kwana a buɗe kafin ki ƙara musu. Ki ajiye su inda rana ba ta bugawa, Malam Nura ya haɗa ɗan injin da ke hura musu iska a ruwa da batirin sola. Ranar farko za su ɓuya su ƙi cin abinci. Baƙunta ce, ba wani abu ba.

Na riga na share teburin da suke kai. Shacin gilashin ya fito a katakon, fari tas, na san zan yi kwanaki ina zuwa da yatsu biyu a tsuke in tarar ba kowa. Ba komai. Ki kawo mini Amarya da ƙaramar salla in ga ko ta fara yi mini yanga.

Abu ɗaya nake so ki riƙe, ko kin manta da sauran. Da safe in kin idar da salla, ki fara ɗaukar 'yarki. Ki shayar da ita har ta saki da kanta, ki sa ta a kafaɗa ta yi gyatsa, ki sha kununki. Sannan, in kin ga dama, ki je ki ɗaga murfi. Kifi za su jira.

Allah ya raya Amarya a kan tafarkin gaskiya, ya sa ki ga aurenta kamar yadda na ga naki. Allah ya cire miki tsoron duk abin da ba shi ba, ya tsare shigarku da fitarku, ya zaunar da ke lafiya da mijinki da danginsa. Ki gaishe da Malam Nura da iyayensa. Kada ki nuna wa Gwaggo takardar nan, har yanzu tana cewa kununta ne ya sa kifin suka yi ƙiba.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Malam Sule mai gyaran famfo,
angon Amarya.